Mai Sa Ido a Bakin Teku: Abin da Ya Haɗa Tebaram da Katangar Kwatano

A Tebaram mutum zai iya tsufa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina faɗi ba. Garin yana yamma da Tawa, a kan hanyar da ta taso daga Filinge ta ratsa Sanam, ƙasar gero da wake da rijiyoyi masu zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko jaki igiya kafin guga ya fito. Amma shiga kowane shago a bakin kasuwa ka dubi kanta. Shinkafar da ke cikin buhu daga Indiya ko Tailan ta zo. Ganyen shayin da samari ke dafawa bisa gawayi har zubi uku daga Sin yake. Tumatirin gwangwani, batir, tayar babur, farantin solar da ke kan rufin mai cajin waya, duk sun yi makonni bisa teku kafin su ga rairayin Adar. Kuma kowane ɗayansu, kafin ya hau mota, sai da aka sauke shi a kan wata katanga ta kankare da ƙarfe wadda ƙafarta ke tsaye cikin ruwan gishiri.

Shekara da shekaru katangar nan ta Kwatano ce, babbar tashar jiragen ruwan Benin. Kafin juyin mulkin 2023 mafi yawan kayan da Nijar ke sayowa daga ƙetare ta nan suke shigowa. Daga ƙofar tashar zuwa Tawa tafiyar kusan kilomita 1,300 ce. Gingimari ya bi Paraku da Kandi ya kai Malanbil, ya haye gadar kogin Isa zuwa Gaya, ya ratsa Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, a Tsarnawa ya karya arewa, ya wuce Badagishiri ya faɗo Tawa. Daga nan ƙananan motoci su rarraba kayan zuwa Tebaram da Takanamat da sauran kasuwannin Adar. Mutanen Tawa sun san hanyar ta wata fuskar ma. Tun da aka soma fitar da yuraniyom a Arlit a 1971 sun saba ganin motocin farar wuta da sauran kayan sarrafa ma'adini suna haurawa arewa, gangunan yuraniyom kuma suna gangarowa kudu zuwa Paraku, inda a da ake ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, daga can sai Faransa.

Ita tashar ba yarinya ba ce. Kafin a gina ta, abin da ke Kwatano wata doguwar gadar ƙarfe ce da Faransawa suka miƙa cikin teku a ƙarshen ƙarni na 19. Manyan jirage su tsaya can nesa, a yi ta jigilar kaya da mutane a ƙananan jirage cikin tumbatsar ruwa. An soma aikin tasha mai zurfi a 1959, aka buɗe ta a 1965, aka faɗaɗa ta tsakanin 1979 da 1983. Ke nan tsohuwar katangar arewa kusan sa'ar 'yancin kan Nijar ce. Injiniyoyin da suka zana ta sun yi lissafinsu ne da jiragen zamaninsu, masu nutsewa mita 9 ko 10 cikin ruwa, da 'yan dako masu saɓa buhu a kafaɗa. Kwantena a lokacin jaririya ce, don a 1956 aka fara loda ta a jirgi a Amurka.

Yau jiragen da ke zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma wasu tsawonsu ya kai mita 300, suna neman zurfin mita 14 ko 15. Wanda bai samu ba a Kwatano sai ya nufi Lome, inda tashar kwantenar da aka buɗe a 2014 ta zarce mita 16, ko Tema, ko Lekki ta Legas da aka ƙaddamar a farkon 2023. Can a sauke kayan, a sake loda su a ƙaramin jirgi. Kowace saukewa kuɗi ce. Kowane kwanan da jirgi ya yi a waje yana jiran layi kuɗi ne, kuma mai jirgi ba ya yafewa. Ya ɗora wa mai kaya, mai kaya ya ɗora wa Alhajin da ke da mangaza a Tawa, Alhaji ya ɗora wa mai shagon Tebaram. Matar da ta kwance bakin zane ta ciro jika guda don awon shinkafa, ita ce ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Gishiri, yashi da yasa

Abin da ke cin katangar teku ba ya gaggawa. Kankare, wanda maginan Tawa ke kira beto, a ido kamar dutse yake, amma cike yake da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwan gishiri yana tsotsuwa ta cikinsu sannu-sannu, damina da rani, har ya kai ga rodin da ke ciki. Ran da ya kai, tsatsa ta kama. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninkin-ba-ninki, saboda haka sai ta yi ta tura kankaren daga ciki har ya dare, ɓawo ya faɗi, rodi ya fito fili. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bakin teku ƙadangaren ne ke shiga tukuna, sannan ya tsaga bangon da kansa. Wurin da ya fi shan wuya shi ne inda ruwa ke hawa yana sauka, ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, da inda tumbatsa ke fantsama. Can ƙasa cikin laka, inda iska ba ta kai wa, ƙarfe kan daɗe garau.

Maganin ba asiri ba ne. Ana barin kaurin kankare na aƙalla santimita 5 tsakanin rodi da waje, a sa simintin da ke jure gishiri, a rage ruwan kwaɓi, a girgiza zubin da kyau kada ya bar kogo, a riƙa jiƙa shi kwanaki kada rana ta busar da shi da wuri. Ƙarfen da ke cikin ruwa kuma ana manna masa curin alminiyom ko tutiya, gishiri ya ci su ya bar ƙarfen, in sun ƙare a sake wasu. Kowane ɗalibin injiniya ya haddace wannan. Sai dai santimita 5 ɗin nan, abin da ke riƙe da su 'yan dunƙulen siminti ne kamar ƙuli-ƙuli, da lebura ke ɗaurawa jikin rodi da waya. In ya gaji ya tsallake goma, ko wani ya taka rodin ya lotsa, biyar ta koma biyu, ba wanda zai sani ranar. Sai an haifi yaro ya yi gemu sannan katanga ta fara magana.

Sai yashi. A wannan gaɓar, daga Gana har Najeriya, igiyar ruwa a karkace take dukan ƙasa, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, abin da ya kai kubik mita miliyan guda ko fiye a shekara. Tashar ta tare masa hanya. Ya taru a yammacinta har ƙasa ta ƙaru, a gabashinta kuwa, wajen Akpakpa, teku ta yi ta cin gidajen mutane. Wanda ya samu ya kewaye shingen tashar sai ya kwanta a mashigar jirage. Shi ya sa a cikin ayyukan da Amurka ta biya ƙarƙashin yarjejeniyar MCC ta 2006, mai dalar Amurka miliyan 307 wadda fiye da rabinta tashar ta tafi, har da ƙara tsawon shingen tare yashi, da gina sabuwar katangar kudu. Katangar ce kamfanin Bolloré ya karɓa ya mayar tashar kwantena, kafin harkokinsa na Afirka su koma hannun kamfanin MSC a ƙarshen 2022 su ɗauki sunan AGL.

Kalmar da muke da ita ta kwashe yashin nan tsohuwa ce: yasa. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar siminti a Adar ana yasarta ya san inda haɗarin yake. In mai yasa ya zaƙe ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin zoben ƙarshe, zoben ya zauna, na samansa su biyo shi, rijiya ta karkace ko ta rufta da mutum a ciki. Katangar tasha haka take. Ƙasar da ke bayanta, da kaya da motocin da ke kanta, kullum tura ta suke zuwa cikin ruwa, abin da ke tokare ƙafarta kuwa yashin da ke gabanta ne. Katangar da aka kafa don zurfin mita 10, in ka yashe gabanta zuwa 15, ka zare mata tokari. Don haka zurfafa tsohuwar tasha yakan zo da sabuwar katanga a gaban tsohuwar: ko a kakkafa dogayen turakun ƙarfe, ko a haƙa rami mai zurfi a zura kejin rodi a cika da kankare daga ƙasa, sannan a ɗaure ta baya da sandunan ƙarfe masu kaurin damtse.

Aikin da Benin ta shiga ke nan. A 2018 gwamnatin Patrice Talon ta danƙa tafiyar da tashar ga wani reshe na tashar Antwerp ta Beljiyam, aka fito da babban tsarin gyara: a sake tsohuwar katangar arewa, a ƙara wa kwarmin tashar tsawo da zurfi, a faɗaɗa mashiga, a gina tasha ta biyar don kayan zube. Kamfanin Eiffage na Faransa ya samu aikin katanga da kwarmi, China Harbour ya samu na tasha ta biyar, Bankin Raya Afirka kuma ya amince da rancen yuro miliyan 80 a watan Yulin 2023. Duk wannan ana yinsa ne jirage na shiga suna fita, don ƙasar da kuɗin kwastan ke riƙe da baitulmalinta ba ta iya rufe tasharta ko na mako guda. Aski ne ake yi wa mutum yana tafiya. A rufe matsayar jirgi ɗaya, a gama, a buɗe, a koma ta gaba.

Tsoho a gindin aduwa

Ina yaro aka zo yi wa ƙauyenmu rijiyar siminti. Akwai wani tsoho, ƙanin kakana, wanda bai taɓa taka lakkol ba. Tun ranar da aka sauke siminti ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gindin wata aduwa kusa da wurin kwaɓi. Abu ɗaya ya tambaya aka gaya masa, yawan buhun da ake sa wa kowane zobe. Duk buhun da aka juye sai ya sa a miƙo masa takardar, ya ninke ta, ya danne ƙarƙashin buzu, ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Rana ta take, shugaban magina ya ce masa, "Baba, ka je ka huta mana, aikin nan mun iya shi." Tsoho ya ce, "Na sani, yaro. Amma kai jibi ka tafi, mu ne za mu sha." Da magariba in lissafin takardu bai zo daidai da na zobba ba, ba a kwana sai an san inda buhun ya shiga. Maginan ba su so shi ba ko kaɗan. Rijiyar wani ƙauye kusa da mu, wadda su ɗin dai suka yi a wannan ranin, bakinta ya fara zubewa tun ban gama firamare ba.

Abin da tsohon nan ya gano da kansa shi ne jigon sana'ar mai sa ido da nake magana a kanta: aikin da za a binne sau ɗaya ake ganinsa. Fenti in bai yi ba kowa zai gani, a sake. Rodin da kankare ya rufe, turken da ya shige mita 30 cikin laka, sandar ɗaurin da aka tula wa ƙasa, waɗannan in ba a gan su a sa'ar ba an gama ganinsu. Katangar tasha kuwa kusan dukanta a binne take, rabi cikin ƙasa, rabi cikin ruwan da ba a ganin tafin hannu a ciki.

Shi ya sa babban aiki ke tsayawa a kan duwatsun murhu uku. Ga mai aiki, wato hukumar tashar, wadda ke biya. Ga ɗan kwangila, wanda ribarsa ke cikin saurin gamawa da rage kashewa, kuma wannan ba laifi ba ne, kasuwa ce. Ga na uku, ofishin injiniyoyin da aka ɗauka don ya zama idon mai aiki. A Nijar kwantrol ake ce musu, kuma duk wanda ya ga ana shimfiɗa kwalta a yankin Tawa ya ga farar motarsu tana bin bayan injuna. Yawancin manyan kwangilolin da bankunan duniya ke biya ana rubuta su ne bisa tsarin FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913, mai mazauni a Janiba. Tsarin ya ba mutumin nan iko mai nauyi. Shi ke yarda da kayan aiki ko ya ce a mayar, shi ke auna abin da aka yi, kuma in bai sa hannu ba ɗan kwangila ba ya ganin ko tamma.

A tsohuwar tasha aikinsa yana farawa tun kafin injin farko ya iso. Dole a san abin da ke nan. Masu nutso su sauka su kankare ƙwanson da ya manne wa ƙarfe, su ɗora na'urar da ke auna kauri da sauti, a ga nawa gishiri ya ci cikin shekara 60. A huda tsohon kankare a ciro ɓargonsa a kai ɗakin gwaji. A haƙa ramukan bincike a ga inda yashi ya ƙare laka ta fara. Sannan a buɗe tsofaffin zanen da suka yi ja don tsufa a gwada da abin da aka tarar, kuma sau da yawa ba su zuwa daidai, don magina na kowane zamani suna canza abu a filin aiki ba su koma sun gyara takarda ba.

In aiki ya kankama, ranarsa ta ƙananan abubuwa ce masu gundura. Ana buga turke, yaronsa na tsaye da littafi yana ƙirga yawan dukan da guduma ta yi kafin turken ya shiga kowane taƙi. In ya zurma da sauƙi fiye da yadda lissafi ya ce, ƙasar wurin ba yadda aka zata take ba, sai a tsaya. Kafin a zuba kankare ya bi rodi da ma'auni, ya duba kauri da tazara da 'yan ƙuli-ƙulin nan. Motar kwaɓi ta iso, a ɗebo kaɗan a cika wani mazubin ƙarfe mai kama da turmi a kife, a soke shi da sanda, a zare mazubin a ga yadda kwaɓin ya zauna. In ya baje kamar kunu, direba ya ƙara ruwa a hanya, motar ta koma. Daga kowane zubi a cika gwangwanaye masu faɗin santimita 16 da tsayin 32, a rubuta musu kwanan wata, a ajiye cikin ruwa, a murƙushe wasu da inji bayan kwana 7, sauran bayan kwana 28. Gwajin da ɗakin binciken ayyukan gini na ƙasa ke yi ke nan a Yamai wa gadoji da benaye, sai dai a teku kuskure ya fi tsada. Kuma sau da yawa da dare ake zubin, don sanyi ko don janyewar ruwa. Ƙarfe biyun dare, motoci shida a layi, shugaban ma'aikata ya matso yana murmushi: Injiniya, beto zai daskare, sa hannu mu zuba, gobe ma gyara. Ba a gyara shi gobe. Kowa a wurin ya san haka, har mai maganar.

Yasa ma da nata lissafin. Da kubik mita ake biyan mai yasa, abin da ya kwashe kuma ba wanda ya gani da ido. Saboda haka ana bin kwarmin da ƙaramin jirgi mai na'urar auna zurfi kafin aiki da bayansa, bambancin taswirorin biyu shi ne kuɗin. Taƙi ɗaya na kuskure a faɗin kwarmi duka miliyoyin sefa ne. Taƙi ɗaya na rashin kaiwa kuma, wata rana cikin wani jirgi ne zai gano shi.

Inda igiya ke tsinkewa

A takarda tsarin ba shi da aibu. A fili, a ko'ina cikin ƙasashenmu, an san wuraren da yake yoyo. Kuɗin mai sa ido ɗan kaɗan ne in an gwada da na ginin, amma nan ake fara neman rangwame, a ba wanda ya fi araha, alhali araha ba ta ado. Wani ofishin ya ci takara da sunan gogaggen dattijo mai shekara 30 a aikin teku, ranar fara aiki sai ga saurayin da bai taɓa ganin turke ba, a ce dattijon ba shi da lafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki, a kwangiloli da yawa ɗan kwangila ne aka ɗora wa sayen motar mai sa ido, da zuba mata mai, da gina masa ofis da ɗakin gwaji. Wato mutumin da za ka ce wa ya fasa zubin jiya shi ne zai sa hannu a takardar man motarka gobe. Ƙanin kakana da buzunsa ya zo, da butarsa. Sannan ga ranar buɗewa, wadda sau da yawa ba injiniya ke yanke ta ba. In an ce shugaba zai zo yanka zare ranar bikin ƙasa, kwana 28 na gwaji kan zama abin da ake kallo da harara.

Doka ta yi ƙoƙarin toshe wasu kafofin. In an gama aiki ana karɓarsa karɓar wucin gadi, a rubuta duk aibin da aka gani, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci 5 cikin 100, sai bayan shekara guda a yi karɓar ƙarshe a sake masa. A ƙasashen da suka gaji dokar Faransa akwai kuma lamunin shekara 10 a kan ƙarfin gini. Amma gishiri ya fi lamuni haƙuri. Aibin da aka binne yau zai iya kwantawa shiru har duk wa'adin nan ya wuce, ɗan kwangila ya canza suna, ministan ya yi ritaya, bashin ne kawai bai ƙare ba. Abin da ke saura a lokacin littafin filin aiki ne, wanda ake rubutawa kullum, da zanen abin da aka gina na haƙiƙa. In mai sa ido ya rubuta gaskiya, injiniyan da ba a haifa ba tukuna zai san inda zai huda. In ya rubuta abin da aka so ya rubuta, sai a sake tura masu nutso su yi lalube.

Zanen aro

Watan Yulin 2023 ɗin da Bankin Raya Afirka ya amince da rancen gyaran tashar Kwatano, a ranar 26 gare shi sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka datse gadar Malanbil, kwantenonin Nijar suka taru a Kwatano. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, har aka shiga 2025 mutane da ƙananan kaya a kwale-kwale suke haye kogin. Manyan kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar soja, direbobi na kwana da kwanaki suna jiran a tashi. Ba sai an gaya wa kowa a Tebaram abin da wannan ya yi wa farashin shinkafa ba. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasashe marasa gaɓa haƙƙin kaiwa ga teku, kuma hukumar CNUT ta Nijar tana da wakilai a tashoshin maƙwabta don kare masu kaya. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Haka aka yi ta zurfafa tasha da kuɗin bashi, babban mai cinikinta na can bayan gada a rufe.

Ba mu da ta cewa a kan yadda Benin ko Togo za su zaɓi masu sa ido a katangunsu, gidansu ne. Muna da ta cewa a kan ragowar igiyar da ke cikin gidanmu, kuma nan ɗin ba mu da bakin yi wa kowa dariya. An shimfiɗa layin dogo na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016, bai kai Gaya ba balle ya haɗu da tsohon layin da ya tsaya a Paraku tun 1936, kuma bai ɗauki kayan 'yan kasuwa ba. An ba da kwangilar tashar tudu ta Doso a 2014 da fatan kwantena za ta riƙa zuwa a rufe har cikin ƙasa. A gabas ana jan layin Kano zuwa Maraɗi tun 2021, Kano kuma ta buɗe tashar tudu ta Dala a 2023. Kowane ɗayansu zai buƙaci wanda zai tsaya a kan zubi da dare. Haka ma kwaltar da ke tsakani. Tun 2005 ƙasashen UEMOA suka amince da dokar iyakance nauyin da mota za ta ɗora wa hanya, amma duk wanda ya bi Ƙonni zuwa Tawa ya ga gingimarin da lodinsa ya kusa ninka tsayinsa. Hanyar da aka gwada tsakuwarta a ɗakin bincike, mota ɗaya irin wannan tana yi mata ɓarnar motoci da yawa.

Adarawa sun san bakin teku tun kaka da kakanni, ta hanyar bida. Abijan, Lome, Kwatano, Legas, babu inda ba a samun ɗan Adar yana talla, ko gadi, ko dako, ko ya zama babban ɗan kasuwa. Inda ba mu cika zuwa ba shi ne ɗakin gwajin da ke bayan shingen tasha. Makarantar EMIG ta Yamai tana yaye injiniyoyin gini, amma ginin cikin teku fanni ne na daban, kuma a da ana iya cewa ba ruwanmu da shi. Yanzu da ruwanmu. Bututun man da ya taso daga Agadem ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 ya ƙare a Seme, gabas da Kwatano, an gina shi don fitar da ganga 90,000 a rana, jirgin farko kuma ya yi lodi a watan Mayun 2024. Can nesa da gaɓa akwai wani ƙaton tulun ƙarfe bisa ruwa, ɗaure da sarƙoƙi, ta nan man ke shiga jirgi. Gishiri ya fara aikinsa a kansa tun ranar da aka jefa shi. Lokaci-lokaci sai masu nutso sun sauka sun auna kaurin sarƙoƙin, sun rubuta lamba a takarda. Ina so in ga ranar da wanda zai karɓi takardar, ya dubi lambar, ya ce a sake sarƙa ta uku kafin jirgi na gaba, yaro ne da ya yi firamare a Tebaram.